Bayan Tayar Kawu: Daga Garwa Zuwa Marwa a Kan Keke

Shekara 22 ina taka keke, amma na ɗinki. Shagona yana babbar kasuwar Garwa a arewacin Kamaru, kuma da wani ya tambaye ni a watan Oktoba ko ƙafafuna suna da ƙarfi, da na ce masa ya je ya tambayi feda. Da wannan tunanin na amsa wa wani dattijo, wanda kowa ke ce wa Kawu, cewa zan bi su Marwa a kan keke. Wani wando ya kawo mini mai soso a mazauni in kama masa ɗinkin da ya farke. Na ce, "Kawu, wannan kuma na mene ne?" Hira ta ja. Su 11 ne, kowace Lahadi suna fita bayan sallar asuba, kuma sun sa ranar tafiya Marwa a tsakiyar Janairu, kilomita 210 ko kusa da haka, a yada zango a Figil a ƙarasa washegari. Ni kuwa kwanan nan aka auna ni aka ce jinina ya fara hawa, ga tumbi ya sa ina ƙara wa kaftanina faɗi a ɓoye. Na ce ina ciki. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "To, ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zo ranar Lahadi."

Ban je ba. Wannan ne kuskuren da ya fi kowanne ci mini tuwo a ƙwarya, kuma kunya ce ta jawo shi.

Na sayi keken gwanjo mai giya a kan jaka 55 na sefa. Da na turo shi gida, maiɗakina ta tsaya da muciya a hannu ta ce, "Malam, lafiya? Ina babur ɗin? Ko bashi ya ci shi?" Ba laifinta ba ne. A garinmu, magidanci mai shekara 43 in ya sauka daga babur ya hau keke, ba wanda zai ce motsa jiki yake yi, karayar arziki za a ce. Don haka sai na riƙa fita ni kaɗai da duhu-duhu, ina gaya wa kaina cewa sai na ƙware tukuna zan shiga cikin mutane, kada wani tsoho ya bar ni a baya a yi ta ba da labarina a kasuwa.

Fitata ta farko Fitowa na nufa, kilomita 15 da 'yan kai daga gari. Na sa giya mafi nauyi, don a ganina ita ce ta maza. Na isa, amma dawowar da ƙafa na yi rabinta ina tura keken. Gwiwoyina kamar an buga ƙusa, mazaunai kuwa ba a magana, kwana uku ina ɗinki a karkace. Wani yaro mai facin keke a bakin titi ne ya fara buɗe mini ido. Ya ce, "Baba, wa ya daidaita maka sirdin nan? Ai na ɗan firamare ne." Ya sa na hau, na ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ya yi ta ɗaga sirdin har ƙafata ta miƙe sak. Ya ce idan na mayar da tafin gaba a kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, iyakar abin da ake so ke nan. Ciwon gwiwa bai sake dawowa ba. Maganar giya kuwa ni na gano da kaina, kuma na ji haushin daɗewar da na yi, domin sana'ata ce. Ba a danne keken ɗinki da ƙarfi, kaɗa shi ake yi, ƙafa tana tafiya da sauƙi ba tsayawa. Daga baya na ji Kawu yana cewa juyi 80 zuwa 90 a minti ɗaya ya fi raga wa gwiwa. Giya mara nauyi, ƙafa mai sauri.

Wandon soso ma sai da na sauke girman kai na ɗinka wa kaina irinsa. Ina sa shi a ciki, in ɗora wando mai walawa a sama, in ɗaure ƙafar dama da roba kada sarƙa ta kama. Ba zan ratsa unguwa da abin da ya ɗame ni kamar fatar ganga ba, surukaina suna nan.

Daga nan abu ya fara tafiya. Sau uku a mako, Talata da Alhamis awa ɗaya kafin buɗe shago, Lahadi kuma doguwa, kowane mako in ƙara kilomita kaɗan a kan na baya. A mako na shida na ji na isa mutum, na ce bari in gwada Ngong, kilomita 40 kudu da Garwa a kan hanyar Ngaundare, in je in dawo. Na ƙetare gadar Binuwai hantsi bai fito ba, shayi kawai a cikina da gorar ruwa ɗaya. Keken nan gudu yake kamar ana tura ni. Na isa Ngong ina murmushi, har ina raya wa a raina cewa Kawu da mutanensa sai dai su bi ƙurata.

Ashe tura ni ake yi da gaske. Disamba ce, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ni kuwa kudu na nufa. Da na juya kan keken sai na haɗu da mai tura ni fuska da fuska. Tafiyar da na yi a awa biyu ba cikakku ba, dawowarta ta ci kusan huɗu. Kuma ba iskar ce ta kayar da ni ba, yunwa ce, irin wadda ban taɓa sani ba ko a azumin bazara. Ba a ciki take ba. Ƙafa ce kawai ta daina amsa kira, hannu yana rawa, gumi mai sanyi, ido yana ganin titi biyu. Na jingine keken a gindin wata bishiya na zauna a ƙasa. Wata dattijuwa mai tuyar ƙosai ta leƙo ta ce da Fulatanci ko lafiya, na kasa haɗa amsa. Ta miƙo mini kofin kunu mai sukari. Kafin minti 20 na dawo mutum, na ci ƙosai na dala ashirin ina jin kunya kamar an kama ni da sata.

Abin da ya faru ba asiri ba ne. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu ana aiki mai ƙarfi, in ya ƙare kuma ba a zuba wani ba, injin tsayawa yake. A hunturu kuma gumi yana bushewa kafin a gan shi, sai mutum ya ɗauka ba ya asarar ruwa. Tun daga ranar aljihuna ba ya rabo da dabino da gyaɗa, ina jefa biyu-uku a baki duk bayan rabin awa ko ban ji yunwa ba. Gora biyu nake ɗauka, ɗaya ruwa zalla, ɗaya kuma haɗin nan da ake yi wa yara masu gudawa: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Ba daɗi, amma ya raba ni da ɗaurewar jijiya.

Lahadin da ta biyo baya na kai kaina wurin Kawu, saura mako huɗu. Bai ce mini komai a kan ɓacewata ba, hular kwano kawai ya miƙo mini, ya ce ba mai bin su da kai a buɗe. Sannan ya ce, "Ka tsaya bayan tayata. Kada ka wuce ni, kada ka bari tazara ta fi kamu biyu."

A nan na gane cewa makonni shidan da na yi ni kaɗai, rabin karatun kawai na yi. Tafiyar ayari wata sana'a ce daban. Ana jeruwa ne ɗaya bayan ɗaya a gefen dama, na gaba yana fasa iska, na baya yana fakewa a inuwarta, kuma abin da na bayan ke ragewa na wahala yana kaiwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Ban yarda ba sai da na ji a cinyata. Iskar da ta wulaƙanta ni a hanyar Ngong tana nan, ina jin kukanta a kunne, amma ga ni ina bin dattijo mai furfura ina numfashi ta hanci. Na gaba in ya gaji sai ya zame gefe ya koma can baya, na biye da shi ya karɓa. Ana nuna rami da yatsa, ana ɗaga hannu kafin a tsaya, na ƙarshe shi ne mai ihun "Mota!" idan babbar mota ta taho. Lokacin kwasar auduga ne, tireloli cike maƙil suna wucewa, iskarsu kaɗai tana iya jefa mutum rami.

Abu mafi wuya a wurina shi ne yarda da mutumin da ke gabana. Tayarka tana dab da tasa, ba ka ganin titi sai bayansa, kuma an hana ka damƙe birki ba zato domin akwai wani a bayanka. Sau ɗaya na zuba wa tayar Kawu ido maimakon kafaɗarsa da abin da ke gabansa, na matsa har tayata ta goge tasa. Shi ko gezau, ni ne na sha ƙasa, don a irin wannan karo na baya ne ke faɗuwa. Gwiwar hannu ta saluɓe. Wani matashi a cikinmu ya ɗaga ni yana cewa, "Sannu Yaya, yanzu ka zama ɗan gida." A ranar suka koya mini cire taya da yin faci da hannuna, har sau uku, sai da na daina cizon tif da ƙarfen cirewa. Makon ƙarshe kuma Kawu ya hana mu doguwar tafiya, ya ce a ci a yi barci. Na so in yi gardama, na tuna Ngong na yi shiru.

Ranar farko ba ta da labari mai yawa. Mun tashi da sanyi yana cizon yatsu, muka wuce Fitowa, muka bar mararrabar Gidar a hagu, muna ƙetare busassun kogunan da Fulani ke kira mayo, yara suna haƙa rairayi suna ɗiban ruwa. Fanca biyu, ba tawa a ciki. Da azahar ta gota muka hango hayaƙi da farar ƙurar masana'antar siminti, muka shiga Figil, kilomita 90 da ɗoriya. Da muka tashi salla, wani ya ja hankalinmu cewa ai mun cika tafiyar ƙasaru. Raka'a biyu muka yi. Na sha yin ƙasaru a tafiyar mota ina jin kamar ban cancanta ba, amma ranar nan da na sunkuya ruku'u cinyoyina suka gaya mini dalilin sauƙin.

Rana ta biyu ita ce tafiyar. Na tashi jiki kamar an yi mini dukan sakwara, kilomita 10 na farko ina tsine wa ranar da wandon nan ya shigo shagona. Muka wuce Bidzar, inda mutanen da can suka bar zane a kan farin dutse, ba wanda ya ce a tsaya kallo. Bayan mararrabar Magada, inda hanyar Kaele da Yagwa ta rabu, ƙasa ta buɗe, ba abin da ke tare iska. Gonakin masakwa ne kore shar a kan baƙar ƙasar da ta tsattsage, dawa tana girma ba ruwan sama ko ɗigo, sai danshin da laka ta riƙe tun damina. Da wata rana ce da na tsaya na more ido. Ranar nan iska ta taso da hantsi, ƙura tana shiga haƙori, gudunmu ya ragu har mai jaki yana iya yi mana rakiya. Layi ya matse, hira ta mutu, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa.

Kusa da Muturwa layi ya kawo kaina. Na gabana ya zame, sai ga titi fetal, ba bayan kowa. Iskar ta dafe ni a ƙirji kamar mai hana shiga gidan biki. Na sauke giya, na sunkuyar da kai, na kaɗa ƙafa irin ta shago. Ban fi kilomita biyu ba na ji muryar Kawu daga baya, "Ya isa, tela, koma!" Raina ya so in ƙara don a san da ni. Na zame. Da nake komawa baya kowa na wucewa yana cewa sannu da aiki, har wanda ya ja mu kilomita 10 bai nuna ya ga bambanci ba. Sau huɗu na karɓi gaba a ranar, ba wanda ya kai kilomita uku.

A Salak, wajen filin jirgin sama, saura kilomita 20, dabinona ya ƙare, wani ya miƙo mini nasa ba tare da na roƙa ba, ina jin ya ga yadda kan kekena ya fara lilo. Hazo ya ɓoye Dutsen Mindif, ban gan shi ba sam. Abin da na gani shi ne inuwar darbejiyar Marwa ta rufe titi, la'asar sakaliya, da wani mai shayi da ya ƙirga mu da yatsa ya tambaya daga ina. Da aka ce Garwa sai ya yi dariya, ya ce mu faɗi gaskiya. Na sauka daga keken, ƙafafuna suka ƙi miƙewa, na zauna a bencinsa na sha kofi uku a jere.

A motar haya muka dawo, kekuna ɗaure a sama, awa huɗu ina barci. Maiɗakina ta duba saɓar gwiwar hannuna da baƙin da na yi, ta ce tunda babur yana nan ba ta da magana. Ranar Litinin na buɗe shago na tarar da yaron shagona ya karɓi aiki: wanduna huɗu, duk a sa musu soso.