Bin sawun kwanukan baftisma na dutse a tsofaffin cocin Holan

Ƙasar Holan ba ta da dutsen gini. Laka ce da yashi da fadama, in ka ɗauke wani ɗan yanki na kudancin Limburg da ƙattin duwatsun da ƙanƙara ta turo lardin Drenthe tun zamanin da. Saboda haka duk tsohon cocin da ka shiga ka tarar da kwanon baftisma na dutse, irin wanda ƙarti huɗu ba za su iya ɗagawa ba, to baƙo ne, kawo shi aka yi. Karatun ilimin duwatsu ne ya kawo ni ƙasar nan, kuma son sanin inda aka haƙo kwanukan nan shi ya sa na shiga bin ƙauyuka ran Asabar, da tocila da tef ɗin awo da ɗan gilashin nan mai ƙara girman abu a aljihu.

Abin da aikin ya fara koya mini shi ne in dubi dutsen tukuna kafin adon da aka sassaƙa a jikinsa. Ado ana kwaikwayonsa, ana kuma sake gyara shi bayan ɗaruruwan shekaru, amma jikin dutse yana nan yadda aka ciro shi. Kuma ba a ƙwarzana, ba a ɗiga wani magani don gwaji, ko da mai riƙe da makullin cocin ya juya baya. Kayan ibadar mutane ne, wasu har gobe da su ake yi wa jarirai baftisma. Ido da hasken tocila daga gefe sun isa.

A arewa da gabas, wato Drenthe da Overijssel da Groningen, abin da za ka fi gani dutsen yashi ne mai launin ƙasa-ƙasa, wani lokaci ya ɗan karkata zuwa toka ko rawaya. In ka sa gilashi sai ka ga ƙwayoyin yashi ƙanana kusan girmansu ɗaya, suna ƙyalli. Wannan dutsen Bentheim ne, daga tuddan Bad Bentheim da Gildehaus a Jamus, dab da iyaka. Yashin gaɓar wani tsohon teku ne da ya daskare shekaru wajen miliyan 135 da suka wuce. A ƙarni na 12 da na 13 masassaƙan yankin suka riƙa yin kwanukan nan da yawa suna sayarwa, kuma hannunsu ba ya ɓuya: kwano mai zagaye kamar ƙaton turmi, da zanen igiya murɗaɗɗiya da ta ɗaure shi, da reshen inabi yana zagayawa, sannan a gindi zakuna huɗu ko mutane huɗu a tsugune kamar su ke ɗauke da nauyin. Akwai ɗaya a cocin Vries, arewa da Assen, inda hasumiyar cocin ita ma da dutsen ƙetare aka gina ta, dutsen tokar aman wuta da ake saukowa da shi ta kogin Rhine daga Jamus.

Da na gangara kudu, Limburg da Brabant, sai launi ya canja gaba ɗaya. Can dutse ne shuɗi mai duhu, irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa, kuma inda hannuwa suka daɗe suna shafa yana sheƙi baƙi wuluk. Haska shi da kyau za ka ga fararen ɗigo da ƙananan zobba, ragowar halittun teku ne da suka mutu fiye da shekaru miliyan 300. Daga wajejen Namur a Beljiyam ake haƙo shi, a bakin kogin Maas. Alamarsa kawunan mutane huɗu da suka leƙo daga gefen kwanon, da ƙafa ɗaya mai kauri a tsakiya, sau da yawa da 'yan ginshiƙai huɗu kewaye da ita. Ɗan'uwansa baƙin dutsen Tournai, shi ma na Beljiyam, ta kogin Scheldt yake fita, har ya tsallaka teku, ga shi can a babban cocin Winchester da na Lincoln a Ingila.

Ran da na zauna na ɗiga kowane kwano a kan taswira, rawaya ga na Bentheim, shuɗi ga na Namur, sai koguna suka fito da kansu. Shuɗin ya bi Maas yana sauka. Rawayan ya bazu daga iyakar gabas, ta inda kogin Vecht ke gangarowa daga Nordhorn zuwa Zwolle, hanyar da dutsen Bentheim ya yi ɗaruruwan shekaru yana bi cikin jiragen ruwa masu shimfiɗaɗɗen gindi. Da irin dutsen ne aka yi fuskar zauren birnin Amsterdam da aka soma ginawa a 1648, wanda yau ya zama fadar sarki. Ƙauyen da ke nesa da ruwa ya sha wahala kafin ya mallaki nasa, don sai an ɗora wa keken shanu an ratsa taɓo. Wannan yana taɓa mini zuciya ƙwarai. Manoma ne marasa ƙarfi suka haɗa kai suka sayo abu mai tsada haka domin 'ya'yansu.

Sanin mahaƙar dutsen shi ne mai sauƙin. Mai wuyar ita ce sanin cocin da kwanon ya fara zama, domin inda ka same shi yau ba hujja ba ce. A 1566 aka yi boren farfasa gumaka a cocin Katolika, daga baya coci-coci suka koma hannun Furotesta mabiya malamin addinin nan Calvin. Groningen a 1594, Drenthe a 1598. Su kuma ɗan kwanon tagulla suke maƙalawa jikin mumbari, a yayyafa wa jariri ruwa a gaban jama'a. Ƙaton kwanon dutse ya zama ba shi da aiki, aka tura shi waje. Wani ya koma wurin shayar da shanu, wani magina suka kwaɓa farar ƙasa a ciki, wani aka shuka masa furanni a gidan mai kuɗi, wani kuma aka binne. Sai a ƙarni na 19 da na 20 aka riƙa tattaro su, wasu gidan tarihi irin na Drenthe da ke Assen, wasu a mayar da su coci, kuma ba kullum ne cocin asali ba.

Nan ne tabon da ke jikin dutsen ya zama shaida. A wani ƙauye a Drenthe na daɗe a durƙushe gaban wani kwano. A leɓensa akwai ramuka biyu suna kallon juna, ɗaya da guntun ƙarfe mai tsatsa da aka kafe da dalma, tsatsar har ta tsaga dutsen. Wurin murfi ne da kwaɗo. A da can ruwan da aka tsarkake daren Ista yakan daɗe a ciki, ana kulle shi don kada a ɗiba a yi tsafi da shi. A tsakiyar gindin akwai kafar da ruwa ke bi ya shige ƙasa a cikin harabar coci. Amma ga wata kafa ta biyu a gefe, an huda ta da gaggawa ba tsari, kuma leɓen da ke samanta ya suɗe ya lotsa, irin suɗewar da wuƙa ko lauje ke bari in an daɗe ana wasa su a wuri ɗaya. Kan zaki guda ya gutsure. Kwanon nan ya yi zaman gona, ko ba a faɗa maka ba.

Dattijuwar da ke riƙe da makullin ta tsaya tana kallona har na miƙe, sannan ta ce kakanta ya sha ba su labarin gonar da aka ɗauko shi, kuma gonar ba a ƙauyensu take ba, a ƙauyen gaba take. Takardar da ke manne a bango ba ta ambaci haka ba. Tun daga ranar ba na fita coci sai na zauna da mai makulli, na sha kofin da ya ba ni, na bar shi ya yi magana. Abin da ya faɗa nakan rubuta shi a matsayin ji-ta-ji-ta, sai na je rumbun ajiyar takardu na lardi na duba littattafan kuɗin coci da tsofaffin hotunan hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa da ke Amersfoort, in ga ko sun yi daidai.

Abu ɗaya da nake jayayya a kansa da wasu masu kula da coci shi ne cike ramukan nan. Na gane nufinsu, suna so kwanon ya yi kyau ranar baftisma. Amma in aka toshe kafar gefe da siminti aka goge leɓen, an shafe shekarun da ya yi a waje ke nan, kuma siminti ya fi dutsen yashi tauri, da sannu yake cinye abin da ke kewaye da shi. Ƙarfe mai tsatsa kam a cire shi, don fasa dutsen yake yi, amma a ɗauki hotonsa a auna wurin kafin a taɓa.

Yanzu kowane kwano layi uku nake buɗe masa a littafina: inda aka haƙo dutsen, cocin da ya fara zama, da wuraren da ya biyo kafin ya iso inda yake. Na wancan ƙauyen na rubuta Bentheim a layin farko, na uku na cika shi da maganar dattijuwar da sunan gonar, na miƙa wa kwamitin cocin kwafi. Layin tsakiya shi nake bi yanzu a littattafan cocin ƙauyen gaba.