Asabar, a Hanyar Tolovana

Mun bar garin Fairbanks na jihar Alaska da asuba, za mu maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Tolovana, ma'aunin sanyi na nuna digiri 30 ƙasa da sifiri. Tankin mai cike, ga jarka guda a baya, domin da zarar an wuce yankin Fox, samun gidan mai sai an yi tafiya mai nisa. Hanyar Elliott muka bi. Har zuwa Livengood, wajen mil na 73, tare da tireloli masu zuwa filin haƙar mai na Prudhoe Bay ake tafiya. In tirela ta tunkaro, a rage gudu a raɓe dama, don ƙurar dusar ƙanƙarar da take tayarwa tana rufe ido ruf.

Daga Livengood kwalta ta ƙare, sabis ɗin waya kuwa tun tuni ya ɗauke. Abin da ya fi ba ni tsoro a nan shi ne ruwan da ke tsattsafowa daga gefen tudu ya malale kan hanya, ya daskare hawa-hawa. Samansa yakan yi tauri, ƙasansa kuwa ruwa ne, kuma yana karkata zuwa gangare. Kada a taka birki a kai. Tun kafin a iso a sauko giya ta biyu, a riƙe totur daidai, sitiyari a miƙe. In ruwa ya jiƙa birki, bayan an haye a riƙa ɗan taka shi har ya bushe, in ba haka ba ya daskare ya kama taya. Taya mai ƙusoshi tana taimakawa, amma ba ta hana mota zamewa gefe.

A mil na 93 ake ajiye mota, sauran mil 10 da ɗoriya zuwa maɓuɓɓugar ruwan zafin mota ba ta shiga, akan yi su a ƙafa ko a kan katakon sulu na dusar ƙanƙara. Ɗakunan kwanan da ke wurin ma sai an kama tun da wuri.

Wurin ajiyar motar fili ne mai iska, kuma nan ne mutane suka fi shan wuya ranar dawowa. Kwana biyu a wannan sanyi, baƙin mai ya yi kauri, batir ya raunana. Shi ya sa muka juya gaban motar daga iska, muka bar ta a giya ba tare da jan birkin hannu ba, muka ajiye ƙaramin janareta da zai ba hitar injin wuta awa biyu ko uku kafin a murɗa makulli.

Da magariba muka shiga ruwan, tururi na tashi, gashin ido na daskarewa.