Hannun jarin McDonald's: yadda nake auna shi da abin da masu kuɗi ke jayayya a kai

Kafin in sa kuɗi a hannun jarin McDonald's, kamfanin gidajen abinci na Amurka wanda ake cinikin hannun jarinsa da sunan MCD a kasuwar New York, sai da na zauna da rahoton shekara na kamfanin, wanda ake kira 10-K, na nemi shafin da aka rarraba kuɗin shiga. Duk wanda zai saya, daga nan ya kamata ya fara, don a nan ake ganin ainihin sana'ar.

Kamfanin yana da shaguna fiye da 43,000 a ƙasashe sama da 100, amma kusan kashi 95 cikin 100 ba shi ke tafiyar da su ba. 'Yan kasuwa ne ke riƙe da su bisa yarjejeniya, galibi ta shekara 20. Su ke ɗaukar ma'aikata, su sayi nama da dankali, su biya kuɗin wuta. A manyan kasuwanninsa, kamfanin ne ya mallaki fiye da rabin filayen da kusan kashi 80 na gine-ginen. A 2023 ya karɓi kusan dala biliyan 10 na haya, da kusan biliyan 5.5 na kason da yake yanka daga ciniki saboda amfani da sunansa. Kamar mai rumfuna ne a kasuwa da ya ce wa 'yan haya: ga mafi ƙarancin abin da za ku biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba, in kuma ciniki ya haura, ina da kaso a ciki. Harry Sonneborn, mai kula da harkar kuɗin kamfanin, shi ne ya kawo wa Ray Kroc, wanda ya bunƙasa McDonald's, wannan dabara a 1956, kuma ita ce ta sa a cikin kowace dala 100 da ta shigo, kusan 45 ke zama ribar aiki. Gidan abincin da ke dafawa da kansa ba ya ko kusantar haka.

Masu goyon bayan wannan jari a nan suke kafa hujja. Suna ƙarawa da cewa tun 1976 kamfanin yake ƙara rabon riba kowace shekara ba fashi, kuma a 2008, da kasuwa ta rushe, McDonald's da Walmart ne kaɗai suka tashi a cikin kamfanoni 30 na ma'aunin Dow Jones. Sukan kuma tuna cewa kamfanin Warren Buffett, shahararren mai zuba jari na Amurka, ya taɓa riƙe wannan hannun jari ya sayar a ƙarshen shekarun 1990, daga baya Buffett da kansa ya ce sayarwar babban kuskure ce.

Masu suka ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Maganarsu ita ce mai haya lafiyarsa tana hannun ɗan haya, kuma a ganina nan ne ya fi cancanta a tsaya. Kason kamfani daga jimillar ciniki ake cire shi, ba daga riba ba. Saboda haka in aka karya farashi don jawo mutane, kamar abincin dala 5 da aka fito da shi a Amurka a Yunin 2024, kamfani yana samun nasa, mai shago ne ribarsa ke ƙanƙancewa. Ga albashi yana hawa: a Afrilun 2024 jihar Kalifoniya ta kai mafi ƙarancin albashin ma'aikatan irin waɗannan shaguna dala 20 a awa. In mai shago ya ɗora wa mai saye, talaka ya daina zuwa. An ga haka: a watanni uku na biyu na 2024 cinikin tsofaffin shaguna a duniya ya ragu da kashi 1, karo na farko tun 2020, sannan a watanni ukun farko na 2025 na Amurka ya ragu da kashi 3.6.

Wannan adadi na cinikin tsofaffin shaguna, wato waɗanda suka wuce wata 13 da buɗewa, shi nake fara dubawa duk sanda rahoto ya fito. Amma ba na karɓarsa a dunƙule. Abu biyu ne a cikinsa: yawan mutanen da suka shigo, da abin da kowa ya kashe. Ciniki yana iya hawa saboda an ƙara farashi alhali mutane suna raguwa, kuma irin wannan hawan ba ya ɗorewa. Kamfanin yakan faɗi wanne ne ya ja adadin, a cikin ƙananan layukan da ke bin teburin.

Akwai wani wuri a rahoton da ke tsorata sabon shiga: in aka cire bashi daga kadara, abin da ya rage wa masu hannun jari yana ƙasa da sifili. Dalili shi ne kamfanin ya daɗe yana cin bashi yana saye hannayen jarinsa, har yawansu ya ragu daga kusan biliyan ɗaya a 2012 zuwa wajen miliyan 715 a ƙarshen 2024, sannan filayen da aka saya tun da daɗewa a tsohon farashinsu suke a rubuce. Ba alamar karyewa ba ce. Sai dai bashin gaskiya ne, kusan dala biliyan 38 a ƙarshen 2024, kuma duk wanda wa'adinsa ya cika aka sabunta shi lokacin da kuɗin ruwa ya hau, ribar ce ke biya.

Sai lissafin farashi, wanda ba ya cin minti biyar. Ribar kowane hannun jari a 2024 dala 11.39 ce. In ka saya a dala 300, ka biya ninki 26 na ribar shekara, ga kamfanin da ribarsa ta 2024 ba ta ma kai ta 2023 ba. Rabon riba a ƙarshen 2024 dala 1.77 ne duk wata uku, wato 7.08 a shekara, kusan kashi 2.4 na kuɗinka. Mazaunin Najeriya ba zai ga wannan duka ba, domin babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Amurka, don haka ana cire kashi 30 tun daga can, ko da ka cike takardar W-8BEN da dillali zai ba ka. Abin da zai iso hannunka bai kai dala 5 ba. A kuma riƙa yin lissafi da dala. Wanda ya saya kafin faɗuwar naira ta 2023 zai ga kuɗinsa ya ninka a manhaja, amma canji ne ya yi aikin.

Wajen saye, ina sa iyakar farashin da na yarda da shi maimakon in bar dillali ya ɗauko duk abin da ya tarar. Kasuwar tana buɗewa ƙarfe 2:30 na rana agogon Najeriya, ko 3:30 daga Nuwamba zuwa Maris, kuma mintunan farko farashi ya fi rawa, musamman ranar rahoto, tunda da safe kafin a buɗe ake fitar da shi.

Labari mai tayar da hankali ina raba shi gida biyu: mai wucewa da mai barin tabo. Cutar E. coli ta Oktoban 2024, da aka danganta da yankakkiyar albasar da ke cikin abincin shagunansa na Amurka, ta kama mutane fiye da 100, ɗaya ya rasu, farashin hannun jarin ya faɗi kusan kashi 5 a yini ɗaya. Irin wannan yakan wuce in an gano tushensa da wuri. Ficewa daga Rasha a 2022 kuwa, da barin shaguna wajen 850 da asarar fiye da dala biliyan ɗaya, kasuwa ce ta tafi gaba ɗaya. Ƙauracewar da ta biyo bayan yaƙin Gaza, bayan mai riƙe da shagunan Isra'ila ya raba wa sojoji abinci kyauta a Oktoban 2023, ta taɓa ciniki a Gabas ta Tsakiya da Malesiya da Indonesiya har shugaban kamfanin Chris Kempczinski ya amsa hakan, kuma a 2024 kamfanin ya saye shagunan nan 225 na Isra'ila.

Ga mai bin ƙa'idar jari ta Musulunci akwai tambaya kafin duk wannan lissafi. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, yana duba bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfani a kasuwa, da kuɗin shiga daga haram kada ya wuce kashi 5. McDonald's yana sayar da naman alade a Amurka da Turai, ga giya a wasu ƙasashen Turai, shi ya sa masu tantancewa da yawa ke cire shi tun a matakin sana'a, kafin ma a zo kan bashi.