Godiya bayan kare kundina a kan Akin Euba

Alhamdulillahi. Jiya Alhamis na kare kundin digirina na biyu, kuma an ce na haye, sai 'yan gyare-gyare. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in yi godiyar a nan.

Da yawa kun tambaye ni wane ne mutumin da na shekara uku ina fama da shi. Akin Euba Bayarabe ne, an haife shi a Legas a 1935, ya rasu a 2020. Ya koyi kaɗa fiyano da tsara kiɗa a Landan, ya dawo ya yi aiki a gidan rediyon Najeriya, ya ƙaro karatu a Amurka, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Ghana a kan gangar dundun ta Yarbawa. A Jami'ar Pittsburgh ya ƙare koyarwa. An fi saninsa da Chaka, wasan kwaikwayo na waƙa da ya tsara a 1970 daga waƙen Senghor, marubucin waƙoƙi kuma tsohon shugaban ƙasar Senegal. Ni kuwa ra'ayinsa ɗaya ne ya kama ni: tunda 'yan guduma ne ke dukan wayoyi a cikin fiyano, ai dangin ganga ne, ana iya sa shi ya yi irin maganar gangunan Afirka. Akwai kiɗansa na 1987 mai suna Wakar Duru. Ranar da na gane cewa rabin sunan namu ne, "duru" kuma fiyano ke nan da Yarbanci, ban yi barci da wuri ba.

Baba, ranar da na ce kiɗa zan karanta kun kwana uku ba ku yi mini magana ba, kuka ce babu maroƙi a danginmu. Jiya kuna layin gaba da babbar riga. Allah ya ƙara girma. Inna, kuɗin adashinki ne suka buga kundin nan, Allah ya saka da Aljanna.

Malamina da ya duba aikin ya sa na sake babi na uku har sau huɗu. A lokacin na yi gunaguni, yau ina neman afuwa. Na gode, Malam. Haka dattijon da ke kaɗa fiyano a wani coci a Sabon Gari, wanda ya buɗe mini ƙofa kowace Talata in yi atisaye, kuma shi ke duba agogo ya ce mini la'asar ta yi.

Sai Sarkin Kiɗan unguwarmu. Na je masa da waya na kunna kiɗan Euba, a zatona zai yi dariya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in maimaita. Sannan ya ɗauko kalangu ya matse shi a hammata, muryar ta hau, ya sassauta ta sauko. Ya ce, "Ɗana, mutumin nan ya san ganga. Amma akwatin nasa ba ya lanƙwasa murya, sai dai ya yi tsalle daga wannan zuwa wancan." Gaskiya ya faɗa, domin dundun da kalangu dukansu da matsa igiya suke kwaikwayon hawa da saukar harshe, fiyano kuwa kowane maɓalli da muryarsa a daskare. Maganar nan ita ce ta zama babi na huɗu, inda na bi yadda Euba ke kewaye wannan gurbi da maimaici da saɓanin bugun hannu biyu.

Jiya ina tsakiyar nuna misali a fiyanon lantarki da na aro, aka ɗauke wuta. Gumi ya karyo mini. Kafin a tada janareto sai Sarkin Kiɗa ya miƙe ya ɗora daga inda na tsaya, har mai jarrabawa daga waje ya ajiye biro yana kaɗa kai. Ranka ya daɗe, Allah ya bar zumunci.

Abokan karatu da suka ɗauko kujeru da ruwan sha, na gode. Wanda ban ambata ba ya yafe mini. Mai fiyano kuma ya kwantar da hankalinsa, gobe da safe zan dawo masa da kayansa.