Abin da na koya lokacin da aka cire wa karyar gidana mahaifa

A Jos gidaje da yawa suna ajiye kare don gadi, amma kaɗan ne suke shirya abin da za su yi idan karyar ta balaga ta fara neman barbara. Tawa 'yar jinsin Alseshan ce, ɗaya daga cikin jinsunan manyan karnuka, kuma tun kafin ta balaga wasu maƙwabta suka ba ni shawarar in sayo allurar tazarar haihuwa ta mata a kemis a riƙa yi mata, tunda tana da araha kuma ba sai an tsaga ciki ba. Likitan dabbobin da na tuntuɓa ya ce: "Malam, allurar tana hana ciki, amma tana iya sa mahaifar ta cika da mugunya." Wannan ciwo yakan bayyana 'yan makonni bayan lokacin barbara, karya ta daina cin abinci, ta yi ta shan ruwa, kuma idan ba a yi tiyatar gaggawa ba tana iya mutuwa. Allurar tana kuma ƙara haɗarin ƙari a nono da ciwon sukari. A ganina, arahar da za ta kai dabba ga wannan hali ba ta cancanci a kira ta sauƙi ba.

Da na amince da tiyatar cire mata mahaifa, sai batun lokaci ya taso, kuma a nan na fi ƙaruwa. Cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa da wuri yana rage haɗarin ciwon daji na nono ƙwarai, amma ga manyan karnuka akwai wata matsala, domin sinadaran da ƙwayayen ke fitarwa suna taimakawa wajen tsayar da girman ƙashi a lokacin da ya dace. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, a Amurka, sun nuna a 2016 cewa Alseshan da aka yi wa aikin kafin ya cika shekara ɗaya ya fi kamuwa da ciwon gaɓoɓi, musamman tsinkewar jijiyar gwiwa. Karen gadi da ba ya iya gudu ya rasa amfaninsa, ga kuma wahalar da zai sha. Saboda haka muka jira ta wuce shekara.

Jiran yana nufin sai na tsare ta a barbararta ta farko, wadda takan ɗauki makonni 2 zuwa 3. Kullewa ita ce hanya mafi aminci a cikin waɗanda ba su buƙatar wuƙa, sai dai tana neman katanga mai kyau da sa ido, domin karnukan unguwa suna taruwa a ƙofa, wasunsu kuma suna ɗauke da wani ƙari mai zubar da jini a al'aura wanda ake ɗauka ta hanyar barbara.

An yi aikin bayan jikinta ya huce da 'yan watanni, ta kwana ba ta ci abinci ba kamar yadda aka umarta. Maganin sa barci yana saukar da zafin jiki, ga shi lokacin hunturu ne a Jos, don haka na shigar da ita ɗaki na shimfiɗa mata bargo. An sa mata abin wuya mai hana lasar ɗinki har aka cire zaren. Daga baya na rage mata abinci, domin ƙiba takan biyo bayan wannan aiki, kuma ina lura da shimfiɗarta, saboda wasu manyan karnuka mata sukan fara ɗigar fitsari cikin barci, abin da yake da magani.

Game da namijin da na samu daga baya, likitan ya ambaci Suprelorin, ɗan ƙaramin magani da ake sakawa ƙarƙashin fata, wanda ke dakatar da haihuwa na wata 6 ko 12 gwargwadon ƙarfinsa, sannan jiki ya koma yadda yake. Amfaninsa shi ne mutum ya ga yadda halin karen zai sauya kafin ya yanke shawarar fiɗiya, wadda ba a warware ta. Tunda babu karya mai haihuwa a gidan kuma ba ya fita yawo, na bar shi yadda yake, ina kai shi dubawa da rigakafin ciwon haukan kare duk shekara.