Kwana uku a shirin talabijin na ɗaukar hoto, da abin da na taho da shi

Ni dai tun da na fara riƙe waya mai kyamara ba na zuwa gari in dawo ban cika ta da hotuna ba, aikina ma na yawo ne, yau Bauchi gobe Abuja, to da na ji wani gidan talabijin a nan Kano na neman masu ɗaukar hoto na sha'awa, waɗanda ba sana'arsu ba ce, su turo hotuna uku na tafiye-tafiyensu, ban yi wata-wata ba na tura. Ɗaya Dutsen Zuma ne da na ɗauka ta gilashin mota daidai Madalla, ɗaya ruwan Wikki a Yankari, ɗaya kuma hasumiyar Gobarau a Katsina. Aka kira mu mu shida.

Wanda aka kawo ya koyar da mu wani dattijo ne da ya daɗe yana ɗaukar wa jaridu hoto tun zamanin fim, Malam kawai muke ce masa. Ranar farko a situdiyo aka haska hotona na Wikki a babban allo, ya kalla ya kalla sannan ya ce, ɗana me kake so in gani a nan? Na ce ruwan. Ya ce to ga ruwa, ga bishiya, ga bayan wani mutum, ga leda a ƙasa, ga rabin mota, wanne ne a ciki ya tsayar da kai har ka ciro waya? Wallahi sai a lokacin na tuna abin da ya burge ni ranar, yadda ruwan yake garau har kana hango yashin ƙasansa ga shi da ɗumi, kuma babu ko ɗaya a hoton saboda daga nesa na tsaya na ja zum, wato na jawo hoton kusa a allon waya. Ya ce zum ɗin yawancin wayoyi yanko hoton kawai yake ya buɗa shi, shi ya sa yake fashewa, ƙafarka ita ce zum ɗinka, matsa kusa.

Sai ya kafa mana doka, hoto 36 kacal kowa zai ɗauka a yini, kamar yadda fim ɗaya yake ci a da. Da farko na ga kamar takura ce amma gaskiya ita ta fi komai gyara ni, don idan ka san harbinka ƙidayayye ne ba ka dannawa sai ka duba gefe da gefe, ka goge gilashin kyamarar da bakin riga, ka kunna layukan nan da suke raba allo gida tara ka daidaita sararin sama kar ya karkace.

Kashegari bayan asuba muka hau Dutsen Dala, lokacin hunturu ne hazo ya rufe gari, ni har raina ya ɓaci na ce yau ba hoto. Malam ya ce in jira. Da rana ta fara ɗagowa sai ga rufin gidaje da hasumiyoyin masallatai suna fitowa layi-layi cikin ƙurar nan, na kusa baƙi-baƙi na nesa fari-fari, abin sai wanda ya gani. Tun ranar na daina ɗaukar hoton waje da tsakar rana in dai ba dole ba, daga fitowar rana zuwa hantsi ko kuma la'asar sakaliya, don ranar tsaka inuwa take zubawa a kwarmin ido ta kashe kala.

Amma inda na fi ƙaruwa karofin Ƙofar Mata ne, marinar nan da ake cewa tun 1498 take. Muna shiga mu duka muka ɗaga waya, Malam ya ce kowa ya mayar aljihu. Muka bi marinan ɗaya bayan ɗaya muna gaisawa, sannu da aiki Baba, ya kasuwa, ya sanyi, aka yi hira sosai kafin ya ce a nemi izini, wanda ya ce a'a a bar shi kuma kar a ɗauke shi a sace. Wani tsoho da na zauna kusa da shi, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu, shi ya nuna min yadda ake haɗa baba da toka da kanwa a ramin, ya kuma ce in lura da zanen idan ya tsamo shi, kore-kore yake fitowa sai iska ta buge shi yake juyewa shuɗi. To wannan 'yan daƙiƙun na zauna jira, ya tsoma ya ɗaga ya tsoma ya ɗaga, ni ina tsugune daidai bakin ramin, har na samu lokacin da rabin zanen kore ne rabi ya fara shuɗi ruwa na ɗiga. Da ban gaishe shi ba ina zan san akwai wannan? Kuma a nan na koyi wani abu da ya daɗe yana damuna, mutum mai duhun fata sanye da farar riga a rana, wayar sai ta bi hasken rigar fuska ta yi duhu. Ashe fuskar za ka taɓa a allo sannan ka ja alamar hasken sama ko ƙasa da yatsa, ko ka roƙe shi ya ɗan koma inuwa, ba ka kunna fulas, wato fitilar kyamara, ba.

Abu ɗaya ne ban yarda da masu shirin ba. A wajen gyara sun so a ƙara wa hoton Dala kala a cire hazon sama ta koma shuɗiya, wai ya fi kyau a allo, ni kuma na ce Kano a watan Janairu ba haka take ba, duk wanda ya taɓa kwana a garin nan da sanyi zai gane an yi masa ƙari. Malam ya goyi bayana aka bar shi yadda yake. Sannan kwana uku muka yi ana ɗauka, a ce ka sake tahowa, ka sake faɗin abin da ka faɗa, amma da aka haska shirin bai kai rabin awa ba, kuma gaisuwar nan ta karofi gaba ɗaya an yanke ta, wanda ya kalla zai zaci zuwa muka yi kawai muka fara ɗauka. Wannan ya tsaya min a rai har yanzu.

Bayan sati biyu na kai hoton aka wanke min shi babba, ba ta WhatsApp na tura wa mai wankin ba don yana matse hoto sai in a matsayin fayil ka tura, na kai wa tsohon nan har bakin raminsa. Ya goge hannu a jikin tsumma ya karɓa ta gefe-gefe, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira na kusa da shi ya ce zo ka ga, ya kama shi kafin ya juye.