Wannan 'yar kibiya da ke cikin madauki: inda aikin auna zafin ɗakin kaji ya kai

'Yan uwa masu koyon LabVIEW, manhajar da ake tsara shirin kwamfuta a cikinta ta hanyar haɗa alamomi da wayoyi a allo, a nan Kaduna, ɓangaren karanta zafi ya zauna: LM35, ɗan na'urar auna zafi, yana ba da milivolt 10 kan kowane digiri ɗaya, Arduino, ƙaramin allon lantarki, yana karantawa, lamba tana fitowa a allo. Inda aka tsaya shi ne wurin lissafin matsakaicin zafi, saboda wata 'yar alama mai kibiya da ke kallon hagu a cikin madaukin While, wato zanen da ke maimaita aiki zagaye bayan zagaye, da ɗan ɗigo a ƙarƙashinta, babu suna a jikinta.

Kada a goge alamar da ba a sani ba. A danna Ctrl+H, tagar Context Help za ta buɗe, sai a ɗora linzami a kan alamar. Sunanta zai fito, da bayanin kowace kafa. Wannan ya fi lalube a cikin jerin kayan aiki sauri nesa ba kusa ba. Idan an samu sunan, Ctrl da Space suna buɗe Quick Drop, a rubuta shi a ɗauko wata sabuwa a gwada ta a gefe. Launin waya ma yana magana: ruwan lemo lamba ce mai ɗigo, shuɗi cikakkiyar lamba, kore i ko a'a, ruwan hoda rubutu. Waya mai kauri jerin lambobi take ɗauke da shi.

Ita wannan kibiya Feedback Node ce. Tana riƙe abin da aka samu a zagayen da ya wuce, ta miƙa wa zagaye na gaba. Sau da yawa ba mutum ne ya sa ta ba. Manhajar ce ke cusa ta da kanta idan aka mayar da wayar fita zuwa kafar shiga a cikin madauki. Shi ya sa mai aikin kan rantse bai taɓa ganinta ba.

Matsalar tana ga ɗigon nan na ƙasa, wato kafar lambar farawa. Idan ba a haɗa masa komai ba, gudu na farko yana farawa daga sifili, amma in aka tsayar aka sake kunnawa ba tare da rufe fayil ɗin ba, jimillar baya tana nan. Sai zafin tsakar rana ya shiga lissafin asuba, allo ya nuna ɗaki da ɗumi alhali 'yan tsaki na takure cikin sanyin hunturu. Wannan ba ƙaramin hatsari ba ne ga mai kiwo.

Gyaran: a danna dama a kan kibiyar, a zaɓi Replace with Shift Register, wanda ke musanya ta da kafofi biyu a gefen madauki masu yin aiki iri ɗaya da ita, sannan a haɗa sifili daga wajen madauki ta hagu. A ganina wannan ya fi wa mai koyo, domin yana ganin wayar da idonsa tana shiga tana fita. A tabbatar sifilin ruwan lemo ne kamar sauran wayar. Idan jan ɗigo ya bayyana a bakin wata kafa, irin lambobin bai zo ɗaya ba, kuma in kafar ta cikakkiyar lamba ce, 31.6 zai koma 32.

Abin da ya rage shi ne haɗa fanka ta hanyar riley, wato makunnin lantarki, ta kunna idan zafi ya haura iyakar da aka sa.